Yadda Motar Ɗaga Kaya Mai Amfani da Gas ɗin Furofen Take Aiki

A manyan sito-sito na ajiye kaya, da masana'antu, da tashoshin jiragen ruwa, akwai wata 'yar gajeruwar mota mai yatsun ƙarfe biyu a gaba, wadda ma'aikata ke kira fokilif. Girmanta bai kai na ƙaramar motar shiga ba, amma takan sa yatsunta ƙarƙashin kayan da ƙarti 30 za su sha wuya kafin su ɗaga, ta cira su sama fiye da tsayin soro, ta ajiye a kan kanta ba tare da ko kwali ɗaya ya motsa ba. Wasu irin waɗannan motoci da dizal suke aiki, wasu da batir, wasu kuwa za a ga tukunyar gas kwance a bayan kujerar direba. Wannan kashi na uku, wanda ya yawaita a Amurka da Turai da wasu ƙasashen Asiya, shi ne mai amfani da gas ɗin furofen.

Abin sha'awa game da wannan mota shi ne, babu wani abu a cikinta da ya wuce darussa huɗu na kimiyyar sakandare: rikiɗar ruwa zuwa iska, ƙonewar makamashi, matsi a cikin ruwa, da daidaituwar ma'auni. Haka kuma duk wata hanya da motar ke bi ta halaka mutum, saɓa wa ɗaya ne daga cikin waɗannan darussa.

Asalin motar da makamashinta

A shekarar 1917 ma'aikatan kamfanin Clark da ke garin Bukanan a jihar Mishigan ta Amurka suka ƙera wata 'yar mota mai ƙafa uku don jigilar kaya tsakanin sassan masana'antarsu. Ba ta ɗaga komai sama, ɗauka kurum take yi. A 1923 kamfanin Yale ya fito da wata mai aiki da batir, wadda ke da yatsu da kuma tsanin ƙarfe da suke hawa a kansa. Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, shi ya yaɗa amfani da ita, domin sojoji sun bukaci a loda jirage cikin gaggawa ga kuma ƙarancin ma'aikata. A lokacin ne aka rungumi dabarar jera kaya a kan dandamalin katako mai kafofi a ƙasa, inda yatsun motar ke shiga. Kamfanin Toyota na Japan ya shiga wannan sana'a a 1956.

Shi kuwa furofen, masanin kimiyyar sinadarai na Faransa, Marcellin Berthelot, ne ya fara haɗa shi a ɗakin gwaji a 1857. A 1910 wani Ba'amurke mai suna Walter Snelling ya gano cewa yana daga cikin abubuwan da ke tsiyayewa sama daga fetur idan an bar shi a buɗe, ya kuma nemo hanyar tara shi a tukunya don sayarwa. A yau daga wurare biyu ake samun sa: wurin tace ɗanyen mai da wurin sarrafa iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa.

Mene ne furofen?

Kowace ƙwayar furofen ta ƙunshi zarrar kabon 3 da ta haidurojin 8, shi ya sa ake rubuta shi C3H8. Ɗan'uwa ne ga butan, C4H10, kuma su biyun ne ake haɗawa a tukunyar gas ɗin girki da ake sayarwa a gidajen mai. A Nijeriya butan ne ya fi yawa a gas ɗin girki. Kada kuma a rikita su da gas ɗin CNG da aka fara sa wa motoci da Keke Napep gadan-gadan tun daga 2023. Wancan mitan ne, CH4, wanda ake matsewa ninki 200 na matsin iskar duniya, amma duk da haka ba ya komawa ruwa.

Ruwan sha yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Furofen kuwa yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifiri. Wato ke nan ko a tsakiyar hunturu mafi tsanani na ƙasar Hausa, da an zuba shi a kwano nan take zai tafarfasa ya bi iska. Abin da ke riƙe shi a matsayin ruwa shi ne matsi. A cikin tukunyar da aka rufe, wani ɓangare nasa yakan zama tururi ya cika sararin sama, tururin ya danne ruwan da ya rage ya hana shi ci gaba da tafasa. Idan zafin gari ya kai digiri 20, matsin cikin tukunya yakan kai kimanin ninki 8 na matsin iskar duniya. Idan ya kai digiri 40, kamar yadda ake gani a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, matsin yakan kusa ninki 14.

Amfanin mayar da shi ruwa a fili yake. Lita 1 ta ruwan furofen tana zama kimanin lita 270 ta tururi. Tukunyar da aka fi sa wa waɗannan motoci a Amurka tana ɗaukar kilo 15, kimanin lita 30 ke nan, kuma takan kai mota aikin kusan awa 8. Da a matsayin iska za a ɗauki wannan makamashi, da sai an ɗaura wa motar tanki mai cin lita 8,000.

Ba a cika tukunya fal. Kashi 80 cikin 100 kaɗai ake zubawa, saboda ruwan furofen yana kumbura idan ya ji zafi fiye da yadda ruwan sha ke yi nesa ba kusa ba. Sararin da aka bari shi ne wurin da zai faɗaɗa ya shiga. Bugu da ƙari, furofen ba shi da launi ba shi da wari. Warin da ake ji idan gas na yoyo na wani sinadari ne mai ɗauke da farar wuta da ake ɗiga masa da gangan don hanci ya yi gargaɗi.

Daga tukunya zuwa inji

Tukunyar girki a tsaye ake ajiye ta, kuma tururin da ya taru a sama shi ke fita zuwa murhu. Wannan ya wadatar da murhu, amma ba zai wadatar da inji mai aiki tuƙuru ba. Dalili kuwa shi ne, tafasa tana cin zafi. Kowane kilo na furofen yana bukatar kimanin kilojul 400 na zafi kafin ya zama tururi, kuma daga jikin tukunya da iskar da ke kewaye da ita yake zuƙo shi. Wannan ita ce hikimar da ke sa ruwan randa ya yi sanyi, ita ce kuma malamin nan Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita a Jigawa wajen yaɗa tukunya-cikin-tukunya ta adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Idan aka ja tururi da sauri daga tukunya, sai ta yi sanyi ƙalau, matsi ya faɗi, inji ya rasa abinci.

Saboda haka tukunyar fokilif ruwan take bayarwa, ba tururin ba. A cikinta akwai wani lanƙwasasshen bututu da ke nutsewa har ƙasa. Matsin tururin da ke sama shi ke tura ruwan ya hau bututun ya fita, don haka motar ba ta bukatar famfon mai ko kaɗan. A kwance ake ɗaura tukunyar, kuma a wuyanta akwai rami da dole ya shiga wani ɗan ƙarfe da ke tsaye a mazauninta. Wannan ɗan ƙarfe ba ado ba ne. Shi ke tabbatar da cewa bakin bututun yana kallon ƙasa, bawul ɗin rage matsi kuma yana sama inda tururi yake. Idan aka ɗaura ta a karkace, inji zai mutu alhali da sauran gas. Mafi muni, in zafi ya yi yawa har bawul ɗin ya buɗe, ruwa zai feso maimakon tururi, kowace lita kuma ta zama lita 270 na abin da ke jiran tartsatsi.

Daga tukunya, ruwan yakan bi tiyo mai jure matsi zuwa matata da ke tare datti, sannan ya isa wani bawul da ba ya buɗewa sai inji na juyawa. Da inji ya tsaya, bawul ɗin ya rufe. Daga nan sai na'urar da ta fi kowace muhimmanci a wannan tafiya, wato matafasa. Aiki biyu take yi. Da farko tana rage matsin daga ninki 8 ko fiye zuwa abin da kaɗan ya ɗara na iskar duniya, kuma da matsi ya faɗi sai ruwan ya tafasa nan take. Na biyu, tana samar da zafin da tafasar ke bukata, ta hanyar ruwan zafi na lagireto da aka ratsa da shi ta cikin jikinta. Ke nan zafin da inji ke neman zubarwa shi ake dawowa da shi a dafa masa abinci. Idan ruwan lagireto ya yi ƙasa, sai a ga ƙanƙara fari fat ta lulluɓe matafasar ko da ana tsakiyar bazara, inji ya yi ta tari ya mutu.

A matafasa irin ta da, akwai mataki na biyu da ba ya sakin tururi sai inji ya zuƙa. Tururin yakan wuce zuwa magauraya, wadda ke madadin kafireta, inda yake cakuɗuwa da iska.

Abin da ke faruwa cikin inji

Injin kansa ba baƙo ba ne ga duk bakaniken mota. Inji ne mai bugu huɗu irin wanda Bajamushen nan Nikolaus Otto ya ƙera a 1876. Hasali ma injin 4Y mai lita 2.2 da Toyota ta daɗe tana sa wa motocinta na ɗaga kaya, an sa irinsa a wasu tsofaffin Hiace da Hilux. A bugu na farko fistan yana sauka ya zuƙo gaurayen gas da iska. A na biyu yana hawa ya matse shi. A na uku fulogi yana ba da tartsatsi, gaurayen ya kama, zafin ya faɗaɗa iskar ta tunkuɗa fistan ƙasa da ƙarfi. A na huɗu fistan yana sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa.

Idan ƙonewa ta cika, lissafinta shi ne: C3H8 + 5O2 → 3CO2 + 4H2O. Ƙwayar furofen 1 tana bukatar ƙwayar oksijin 5, ta haifar da kabon dayoksaid 3 da ruwa 4. Tun da oksijin kashi 21 cikin 100 ne kawai na iskar da ake shaƙa, kowace lita ta tururin furofen tana bukatar kusan lita 24 ta iska. Tukunya guda mai kilo 15 za ta cinye iskar da ta zarce wadda ke cikin aji mai tsawon mita 8, faɗin mita 7, da tsayin mita 3.

Furofen yana da fifiko a kan fetur ta wasu fuskoki. Da yake a matsayin iska yake shiga inji, yana gaurayuwa sosai, ba ya wanke man da ke jikin silinda, ba ya kuma barin baƙin toka mai yawa. Yana jure matsi ba tare da ya kama da kansa kafin lokaci ba, domin lambar oktan ɗinsa ta haura 100. Ga shi kuma ba ya lalacewa in ya daɗe a ajiye.

Yadda ake ɗaga kaya

Ƙarfin injin kashi biyu yake rabuwa. Kashi ɗaya yana bi ta giya zuwa ƙafafun gaba, waɗanda su ke jan motar. Ɗaya kashin yana juya famfon da ke tura man hadirolik. A nan ne darasi na uku ya shigo. Blaise Pascal, masanin Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662, ya nuna cewa idan aka matsa ruwan da ke rufe, matsin yakan isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida. A 1795 Joseph Bramah na Ingila ya mayar da wannan ƙa'ida na'urar aiki. Jak ɗin da ake ɗaga mota da shi a wurin faci jikanta ne.

Alal misali, a ɗauka famfo ya matsa mai har ninki 150 na matsin iskar duniya, abin da ya saba faruwa a waɗannan motoci. Wannan daidai yake da nauyin kimanin kilo 150 a kan kowace murabba'in santimita. Fistan mai faɗin santimita 5 yana da fuska ta kusan murabba'in santimita 20. Idan aka ninka 150 sau 20, za a sami kilo 3,000. Fistan biyu, ɗaya a kowane gefen tsani, za su tura kilo 6,000.

To, amma ba kai tsaye fistan ke ɗaga yatsun ba. A saman abin da fistan ke turawa akwai wani wili, an rataya sarƙa a kansa. Bakin sarƙar ɗaya a ɗaure yake da sashen tsanin da ba ya motsi, ɗaya bakin kuma da yatsun. Idan fistan ya hau mita 1, yatsun sukan hau mita 2. Sai dai kimiyya ba ta ba da kyauta: abin da aka samu a nisa an biya shi da ƙarfi, don haka kilo 6,000 ɗin nan ya koma 3,000 a kan yatsu. Wannan dabara ce ke sa mota ta shige ta ƙofar kwantena da tsaninta a naɗe, ta kuma kai kaya mita 3 ko fiye idan ta miƙe shi.

Wajen saukewa ba a bukatar famfo. Direba yana buɗe bawul ne kurum, nauyin kayan ya kori man ya koma tanki a hankali. Akwai kuma wasu ƙananan fistan biyu da ke karkata tsanin baya don kaya su jingina, ko gaba don a ajiye su.

Sirrin nauyin baya

Mai noman rani da ke ban ruwa da jigo ya san darasi na huɗu ko da bai taɓa shiga aji ba. Guga cike da ruwa yana gefe ɗaya na sandar, curin laka yana ɗaya gefen, gwafa kuma na tsakiya. Haka fokilif take. Ƙafafun gaba su ne gwafar, kaya su ne gugan, sannan gaba ɗayan bayan motar curi ne na zubin ƙarfe. Shi ya sa motar da aka ƙayyade wa ɗaukar tan 2.5 takan kai kimanin tan 4 ita kaɗai, fiye da ninki biyu na motar shiga. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai su raina ta don ƙanƙantarta.

A ma'auni, nauyi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an ninka shi da nisansa daga gwafa. Kowace mota tana da allon ƙarfe da aka rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, da kuma nisan da cibiyar nauyin kayan za ta kasance daga gindin yatsu, yawanci santimita 50 ko 60. A ɗauka wata mota an ƙayyade mata kilo 2,500 a santimita 50, kuma daga gindin yatsu zuwa tsakiyar ƙafar gaba akwai wata santimita 50. Nisan duka mita 1 ne, sakamakon ninkawa kuma 2,500. Idan aka kawo dogon akwati wanda cibiyarsa ke santimita 100 daga gindin yatsu, nisa ya zama mita 1.5. A raba 2,500 da 1.5, abin da motar za ta iya ɗauka ya sauko zuwa kimanin kilo 1,670. Direban da ya dubi nauyi ya manta da nisa zai ga ƙafafunsa na baya sun bar ƙasa.

Akwai kuma faɗuwa ta gefe. Ko da yake ƙafa huɗu ake gani, a kan wurare uku motar ke tsaye, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Ƙafafun gaba biyu ne, na ukun kuwa shi ne ƙusar da ke tsakiyar gatarin baya, wadda gatarin ke lilo a kanta don ƙafafu su bi tudu da kwari. Waɗannan wurare uku sun zana alwatika. Muddin cibiyar nauyin mota da kayanta tana cikin alwatikar, mota na tsaye. Da ta fita, sai kifewa. Ɗaga kaya sama yana ɗaga cibiyar, ta yadda 'yar karkata kaɗan ko kwana da gudu za ta fitar da ita. Abin mamaki, motar da ba ta ɗauke da komai ta fi saurin faɗuwa ta gefe a kwana fiye da wadda ke ɗauke da kaya ƙasa-ƙasa, domin cibiyarta tana can baya inda alwatikar ta tsuke.

Daga nan ne ƙa'idojin tuƙinta suka samo asali. Ana tafiya da kaya kimanin santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, tsani a karkace baya. Ba a kwana da kaya a sama. A kan gangara, kaya su ke kallon tudu, ko hawa ake ko sauka. Da ƙafafun baya take kwana, saboda haka bayanta yakan yi shara waje ya bugi wanda ke tsaye kusa. Kifewa tana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe direbobinta, kuma mafi yawa suna mutuwa ne garin tsalle, rumfar ƙarfen da ke saman kujera ta danne su. Abin da ake koyarwa shi ne a ɗaura bel, in ta tashi faɗuwa a riƙe sitiyari gam, a kafe ƙafafu, a karkata jiki zuwa ɓangaren da ba nan take faɗuwa ba. A Amurka, tun 1999 doka ta wajabta horar da kowane direba da sake jarraba shi duk shekara 3, an kuma hana wanda bai kai shekara 18 ba tuƙa ta a masana'antu da sito.

Haɗarin da ido ba ya gani

Saboda hayaƙin furofen ba ya baƙi, ba ya kuma hawa kai kamar na dizal, mutane kan ɗauka ba shi da illa. Wannan zato ya kwantar da ma'aikata masu yawa a asibiti. Lissafin ƙonewa da ya gabata yana tabbata ne idan iska ta wadata. Idan magauraya ta saki gas fiye da kima, ko matatar iska ta toshe da ƙura, oksijin ba zai ishi kowace zarrar kabon ba. Maimakon CO2 sai a sami CO, wato kabon monoksaid. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin fiye da yadda oksijin ɗin kansa ke yi sau 200 da ɗoriya. Mutum na numfashi, amma jininsa ba ya kai wa ƙwaƙwalwa abin da take bukata.

A watan Agusta na 1998, a wata masana'antar roba da ke jihar Ayowa ta Amurka, ma'aikata 34 daga cikin 75 suka kamu da alamun wannan guba, galibi ciwon kai. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar ta wallafa a 1999 ya ɗora laifin a kan motocin ɗaga kaya masu gas da ke fitar da CO mai yawa a ginin da iska ba ta ratsa shi sosai. Dokar wuraren aiki ta Amurka ta ƙayyade cewa kada matsakaicin CO a iskar da ma'aikaci ke shaƙa cikin awa 8 ya wuce kashi 50 cikin miliyan. Ƙa'idojin hayaƙi da suka fara aiki a ƙasar a 2004, aka kuma tsananta su a 2007, sun sa sababbin motoci suna zuwa da na'urar da ke auna oksijin a salansa, da 'yar kwamfuta mai daidaita gas da iska, da kuma matatar hayaƙi da ke mayar da CO zuwa CO2. Duk da haka, na'ura takan lalace, tsofaffin motoci kuma ba su ƙare ba, su ne ma aka fi sayarwa ƙasashe masu tasowa a matsayin na hannu.

Wannan guba ita ce dai wadda ke halaka iyalai a Nijeriya idan aka kwana da janareta a cikin gida, ko aka shiga da garwashi ɗaki aka rufe ƙofa da taga a lokacin sanyi. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, waɗanda saukin ɗauka ne a matsayin zazzaɓin cizon sauro. Abin da ke bambanta su shi ne, babu zafin jiki, mutane da yawa ne ke kamuwa lokaci guda a wuri guda, kuma sukan ji dama idan sun fita waje. Wanda ya kamu a fitar da shi sarari nan da nan, a garzaya da shi asibiti, a kuma gaya wa likita abin da ake zato.

Shi ma gas ɗin da bai ƙone ba yana da nasa haɗarin. Nauyin ƙwayar furofen 44 ne, na iska kuwa kimanin 29, don haka ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi. Idan ya yi yoyo ba ya tashi sama, malala yake yi ya taru a rami da kwata da ƙarƙashin kaya. Yana kama wuta idan ya kai tsakanin kimanin kashi 2 zuwa 9.5 cikin 100 na iska. Shi ya sa ake canja tukunya a sarari, nesa da wuta da sigari, ana kuma neman yoyo da ruwan sabulu, ba da ashana ba. Mai canjawa yakan sa safar hannu da tabarau, domin ruwan furofen in ya taɓa fata yana zuƙe zafinta nan take ya bar rauni irin na ƙuna. Haka nan ba a musayar tukunyar girki da ta fokilif. Idan aka haɗa ta fokilif da murhu, ruwa ne zai iso bakin wuta.

Furofen, dizal ko batir?

Kowanne da wurinsa. Dizal ya fi dacewa da kaya masu nauyin gaske a fili, kamar tashar Apapa da ke Legas. Batir ba ya hayaƙi ko kaɗan, shi ya sa ya fi dacewa da ɗakunan sanyi da wuraren abinci da magunguna, kuma fiye da rabin sababbin motocin ɗaga kaya da ake sayarwa a duniya masu batir ne. Abin da ya riƙe wa furofen kasuwa shi ne, cikin 'yan mintoci ake sauke tukunyar da ta ƙare a ɗora wata, ƙarfinsa ba ya raguwa har tukunya ta ƙare, yana aiki ciki da waje, kuma bai dogara da wutar lantarki ba. Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne a ƙasar da wuta ba ta tsayawa, ga shi kuma kamfanin NLNG da ke Boni yana ba kasuwar cikin gida gas na tukunya tun 2007.

Malamin kimiyya na iya ciro tambayoyi da dama daga wannan mota. Ɗalibai su yi amfani da lissafin ƙonewa su nuna cewa giram 44 na furofen yana haifar da giram 132 na CO2, wato tukunya mai kilo 15 tana fitar da kilo 45, sannan su bayyana inda ƙarin nauyin ya fito. Da sirinji biyu masu girma daban da ɗan tiyo cike da ruwa za a iya nuna ƙa'idar Pascal. Da rula da fensir da 'yan tsabobi za a iya nuna yadda nisa ke cin nauyi. Ɗigon turare a bayan hannu ya isa ya nuna cewa rikiɗa zuwa tururi tana zuƙe zafi.

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke aji a yau a sito da masana'antu da tashoshin kaya za su nemi abinci, wasu direbobi, wasu kanikawa, wasu injiniyoyi masu kula da rayukan jama'a. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa ake barin kashi 20 na tukunya babu komai, da dalilin buɗe ƙofofin sito alhali hayaƙi ba ya wari, zai kiyaye ƙa'idar ko babu mai sa masa ido, zai kuma iya ganar da abokin aikinsa da ke ganin duk ɓata lokaci ne.